Idan Mai Shan Maganin Kyanwa Ce: Yadda Nake Horar da Yaran Shagon Magani a Gombe

Shekarun baya wata Hajiya ta aiko ɗanta shagona da yamma ya sayi Panadol. Yaron da ke kan kanta ya tambaye shi, "Na manya ko na yara?" Ya ce, "Ko wanne, ai rabi za a ba ta." Aka miƙa masa, ya biya, ya tafi. Bayan kwana biyu Hajiyar ta zo da kanta. Ba faɗa ya kawo ta ba, tambaya ce. Kyanwarta da ta ƙi cin abinci ce aka ba rabin ƙwayar, da safe fuskarta ta kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, kafin azahar ta mutu. "Malam, ko maganin ne ya lalace?"

Maganin lafiyarsa ƙalau. Yaron ma bai karya wata ƙa'ida da na koya masa ba, domin ban taɓa gaya masa cewa "ita" ɗin da za a ba rabi tana iya zama mai ƙafa huɗu ba. Laifin nawa ne.

Tun daga lokacin na tsara horon da nake bi da duk wanda zai tsaya mini a kanta. Buƙatar kuwa kullum ƙaruwa take. Gidajen Tumfure da Federal Low-cost cike suke da karnukan gadi, mafarauta na da nasu, samarin Bolari da Jekadafari na kiwon tantabaru da zomaye, ga masu dawakin hawan sallah. Likitan dabbobi kuma sau da yawa maganin mutane yake rubutawa, don shi ne ake samu ko shi ne mai sauƙi, sai takardar ta ƙare a hannun yaronka.

Mataki na 1: Ya san iyakarsa

Ranar farko ba na taɓa kwalbar magani. Zama muke yi in bayyana masa wane ne ke da wane aiki. Gano ciwon dabba da yanke abin da za ta sha na likitan dabbobi ne, wanda hukumar VCN ta yi wa rajista. Mu da ke ƙarƙashin PCN, hukumar da ke kula da masu harhaɗa magani da sayar da shi, namu shi ne mu ba da abin da aka rubuta daidai, mu yi bayani, mu kama kuskure idan mun gani. Mai ƙaramin kemis kuwa lasisinsa bai ba shi ikon sayar da maganin da sai da takardar likita ba, ko na mutum ko na dabba. Duk maganin dabbobin da zai shigo shago sai da lambar NAFDAC, kamar na mutane.

A wannan ranar ce kuma nake sa shi ya ajiye lambar wayar likitan dabbobi biyu a wayarsa, a kuma rubuta su a bango. Idan ba ka da likitan da za ka kira ya ɗauka, je asibitin dabbobi na gwamnati ka ƙulla zumunci kafin ka fara wannan harka.

Mataki na 2: "Wa zai sha?"

Wannan tambaya ita ce ginshiƙin horon, kuma sai ta zama masa jiki kamar sallama. Duk wanda ya zo sayen maganin ciwo, na tsutsa, na ƙaiƙayi ko na gudawa, kafin a miƙa hannu kan kanta: "Baba, wa zai sha?" Mutane ba sa faɗa da kansu. Wani kunya yake ji a ce kare yake saya wa magani, wani kuma gani yake ba ruwanka.

Idan amsar dabba ce, sai tambayoyi biyar su biyo: wace irin dabba, nauyinta nawa, shekarunta ko watanninta, tana da ciki ko tana shayarwa, sannan me aka riga aka ba ta. Ta ƙarshen tana tono abubuwa. A nan ne za ka ji an ce an riga an yi mata wanka da fiya-fiya, ko wani ya zo gida jiya ya yi mata allura ba a san sunanta ba.

Akwai ta shida da ba ta cikin littafin Turawa amma dole ce a wurinmu: za a ci namanta ko ƙwanta? Zomon da yara ke wasa da shi yau yana iya shiga tukunya ranar Juma'a, haka tantabara. Kowane maganin dabbobin ci yana da kwanakin jira da aka rubuta a jikinsa kafin a yanka ko a sha nono, yaron ya iya nemo wurin ya karanta wa mai saye.

Wani abin da nake gyarawa tun da wuri shi ne yatsina fuska. Na sha ganin yaro ya ji an ce kare sai ya canza murya. Nakan tuna masa cewa a addininmu an ba da labarin wanda aka gafarta wa saboda shayar da kare, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Ba a ce ya shafa karen ba. Amma mutumin da aka yi wa kallon raini ba zai sake gaya maka gaskiyar wanda zai sha maganin ba.

Mataki na 3: Baƙin allo

A nan muke daɗewa, mako biyu ko fiye. Akwai kwali da na rubuta na manna a cikin kanta ta inda mai saye ba ya gani, muna ce masa baƙin allo. Ba haddar sunaye kawai nake so ba, ina so ya san dalili, domin wanda ya san dalili shi ke iya tsayawa gaban Alhajin da ke cewa "ni dai ba ni."

Farasitamol da kyanwa. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da namu ke amfani da shi wajen narkar da wannan magani. Sai ya juye ya zama guba da ke lalata jini har ya kasa ɗaukar iska, shi ya sa dasashi ke yin ruwan ƙasa, numfashi ya yi wuya, fuska da tafin ƙafa su kumbura. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa. Babu rabi, babu kwata, babu na yara. Yaron ya kuma san cewa farasitamol na ɓoye a cikin yawancin magungunan mura.

Ibufurofen da diklofenak, wato su Brufen da Cataflam. A kare da kyanwa suna huda ciki su kashe ƙoda. Alamar ita ce amai da baƙin kashi kamar kwalta. Diklofenak ɗin nan ne da aka riƙa yi wa shanu ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya da ke cin mushensu, har ƙasar ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Ina ba yara wannan labarin don ba sa manta shi.

Magungunan kaska da ƙuma. Nan ne aka fi yin ɓarna a garin nan, musamman da damina. Famitirin da ke cikin wasu magungunan ɗiga wa kare a bayan wuya yana sa kyanwa makyarkyata da farfaɗiya, ko da gogar jikin karen kawai ta yi. Frontline da ke lafiya ga kare da kyanwa yana kashe zomo. Amitiraz, wanda aka fi sani da Taktic, ana wanke shanu da karnuka da shi, amma a doki yana tsayar da hanji, dokin ya mutu da ciwon ciki. Duk wanda ya zo neman maganin kaska ana saura kwanaki hawan sallah, a tabbatar ba doki zai wanke ba. Sniper da fiya-fiya kuwa ba maganin jikin dabba ba ne ko kaɗan, komai yawan ruwan da aka sirka.

Tunda an zo kan doki: monensin da ake sawa a wasu abincin kaji yana lalata zuciyarsa, ɗan kaɗan ya isa. Ragowar abincin kaji ba na doki ba ne.

Amoksisilin da danginsa ta baki ga zomo. Suna kashe ƙwayoyin halittar da hanjinsa ke dogaro da su, gudawa ta kama shi ya mutu cikin kwanaki.

Berenil a kare. Likitoci na amfani da shi kan ciwon da kaska ke sawa, amma tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙanƙanuwa ce. Idan aka zarce ko aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba, ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Wannan ba a miƙa wa mai kare ya je ya yi da kansa.

Sai wasu guda uku da nake ƙarawa a ƙasan allon. Baytril, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, idan ya wuce miligiram 5 ga kowane kilo a rana yana iya makantar da kyanwa. Ƙwayar doksisaikilin idan ta maƙale a maƙoshin kyanwa tana ƙona wurin, don haka a bi ta da ruwa ko abinci. Zailitol, wani abin zaƙi da ake sawa a wasu magungunan ruwa da cingam marasa sukari, yana faɗar da sukarin jinin kare farat ɗaya, ya kuma taɓa hanta. Kafin a ba da maganin ruwa na mutane don kare, a juya kwalin a karanta abin da ke ciki.

Mataki na 4: Lissafi da sikeli

Maganin dabba da kilo ake auna shi, kuma idon mai dabba ba sikeli ba ne. Wanda ya ce karensa "zai kai buhun siminti" sau da yawa bai kai rabi ba. Dabarar gida mai sauƙi ce: mutum ya hau sikelin ƙasa riƙe da dabbar, ya sake hawa shi kaɗai, a debe. Ƙaramar kyanwa ko zomo a sa a kwando. Ni ba na bari a shigo da kare shago, a ƙofa ake aunawa ko a zo da nauyin daga wurin likita.

Lissafin hawa biyu ne, kuma a takarda ake yinsa, ba da ka ba. Na farko, kilo sau adadin da likita ya rubuta. Na biyu, a raba da ƙarfin maganin. Misalin da nake fara ba su: kyanwa mai kilo 3, likita ya rubuta amoksisilin miligiram 10 ga kowane kilo. Miligiram 30 ke nan. Kwalbar da ke hannunmu tana da miligiram 125 a cikin mil 5, wato 25 a kowane mil. 30 a raba da 25, ya ba da mil 1.2. Wannan ba a auna shi da cokali ko murfin kwalba, sai da sirinjin da aka cire wa allura, kuma mu ke ba da sirinjin, mu ja layi da biro a daidai wurin.

Abin da ya fi rikita yara shi ne kwalaben da aka rubuta ƙarfinsu da kashi cikin ɗari. Ƙa'idar ɗaya ce: 1% na nufin miligiram 10 a kowane mil. Saboda haka oksitetirasaikilin mai 5% yana da 50, mai 20% yana da 200. Kwalaben na iya kama da juna, amma ɗaya ya ninka ɗaya sau huɗu.

Ivomec, maganin tsutsa da ƙwarin jiki na shanu, shi ne babban darasi. Ƙarfinsa 1% ne, ana yi wa saniya mil 1 ga kowane kilo 50. A wannan ma'auni, ɗan kwikwiyo mai kilo 5 kashi ɗaya cikin goma na mil zai samu. Wanda ya zuƙi mil 1 ya ce "ai kaɗan ne" ya ninka masa sau goma. Sai ka ga kwikwiyo yana tangaɗi, yawu na zuba, ba ya gani. Wasu jinsin karnukan waje masu kiwon tumaki ma ko adadin da sauran karnuka ke ɗauka ba sa jurewa, kunkuru kuwa yana kashe shi. Ina sa kowane yaro ya zuƙi 0.1 na ruwa a sirinjin mil 1 ya ɗiga a tafin hannunsa, ya ga ƙanƙantarsa da idonsa.

Dokar shagona: duk lissafin maganin dabba mutum biyu ke yi, kowa a takardarsa, sannan a haɗa. Idan amsa ta bambanta, ba a ba da magani sai na duba.

Mataki na 5: Karanta takardar likitan dabbobi

Takarda cikakkiya tana ɗauke da sunan mai dabba, irin dabbar da nauyinta, sunan magani da ƙarfinsa, sau nawa a rana, kwana nawa, sai sunan likita da sa hannunsa da lambar waya. Idan babu irin dabba ko nauyi, a kira.

Akwai tarko guda da kowane sabon yaro ke faɗawa. Likitocin dabbobi na rubuta SID, ma'ana sau ɗaya a rana. A takardun asibitin mutane ba a saba ganinsa ba, sai yaro ya ɗauka BID ne, sau biyu, ko QID, sau huɗu, musamman idan rubutun ya yi tafiyar tsutsa.

Tarko na biyu ya fi kama wanda ya yi karatu. Ya ga adadi ya yi masa yawa a ma'aunin mutum sai ya rage don tausayi. Kare mai kilo 25 da ke da ƙarancin sinadarin maƙoƙo na iya shan maikrogiram 500 na lebotairoksin, alhali babban mutum kan sha wajen 100. Likitan bai yi kuskure ba, jikin kare ne ke fitar da maganin da sauri. Don haka ba a ragewa, ba a ƙarawa, ba a musanya magani da "ɗan'uwansa" don wanda aka rubuta ya ƙare. Waya ake ɗauka. Kira na minti ɗaya bai kai kuɗin kati ba.

Mataki na 6: Kanta da firij

Wannan na yini ɗaya ne. Maganin dabbobi kantarsa daban, da jan fenti ko jan tef a bakinta, nesa da na yara. Magungunan kaska da na feshi a ƙasa, a kulle. Albendazol na shanu da na mutane kada su taɓa zama layi ɗaya.

Allurar rigakafi, kamar ta haukan kare da cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi, tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Zafin Maris da Afrilu a Gombe da ɗaukewar wuta suna kashe ta ba tare da kwalbar ta canza kama ba, daskarewa ma na lalata wasu alluran. A sa ma'aunin sanyi a firij, a rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Wanda ba shi da sola ko tsayayyen janareta ya bar wa asibitin dabbobi wannan ciniki. Kuma ba a ba mutum rigakafi a leda ya sa a aljihu ya hau acaɓa.

Mataki na 7: Rubutu a jikin magani da bayani

A kan kowace leda ko kwalba, da babban rubutu: NA KARE NE, ko NA KYANWA NE, BA NA MUTUM BA. Gidajenmu na da yara da yawa, kuma duk magani a kwando ɗaya ake tarawa a kan durowa. Sai adadi, lokaci da yawan kwanaki da Hausa: "mil 1.2, safe da dare, kwana 7."

Bayan bayani, a sa mai saye ya maimaita. Ba a tambayar "ka gane?" don kowa zai ce ya gane. A ce, "Yallaɓai, nuna mini inda za ka zuƙa ya tsaya." Idan ɗan aike ne ko mai gadi, a kira mai gidan a waya a gaya masa da baki. A nuna yadda ake ɗura maganin ruwa ta gefen baki a hankali don kada ya sarƙe. A gaya masa alamun da zai gani ya dakata ya nemi likita: amai, tangaɗi, zubar yawu, kumburin fuska, baƙin kashi. Mai wanke kare da maganin kaska ya sa safar hannu, a waje, yara na nesa.

Mataki na 8: Karen da babu shi

Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018 aka kuma matsa wa tiramol, masu shaye-shaye ke neman sababbin ƙofofi, kuma "karena ne ba shi da lafiya" na cikinsu. Tiramol, diyazafam, fenobabiton da ketamin duk likitocin dabbobi na amfani da su da gaske, shi ya sa ƙaryar ke shiga. Waɗannan yaro ba ya ba da su. Ni nake bayarwa, bayan na kira likitan da sunansa ke takardar, na shigar a littafin rajista, na riƙe takardar. Mai karen gaske ba ya jin haushin jira. Na ƙarya tun kana neman lambar yake cewa bari ya dawo.

Mataki na 9: Idan an riga an yi ɓarna

Wani zai shigo a guje, kyanwa ta sha abu ko kare na karkarwa bayan wanka. Aikin yaro uku ne: ya tambayi me aka ba ta da yaushe, ya ce a ɗauko kwalbar a tafi da ita, ya kira likita ya sanar da shi suna hanya. Idan a fata aka shafa, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa kafin a tafi. Kada a ɗura manja, madara ko ruwan gishiri, dabbar da ke karkarwa shaƙewa take yi. Farasitamol na da makari idan an kai da wuri, guba irin ta fiya-fiya ma haka, amma a hannun likita suke aiki.

Cizon kare kuwa ba maganar shago ba ce. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar don allurar rigakafi, ko da ciwon ɗan ƙarami ne. Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana kusan babu mai tashi. Yaron da ya sayar da kafso da aidin ya sallami wanda kare ya ciza ya yi babban laifi a wurina. Su ma masu kare a riƙa tuna musu: rigakafi daga wata 3, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara.

Mataki na 10: Jarrabawa

Ba na ba da takardar tambayoyi. Bayan mako shida nakan roƙi wani abokina da yaron bai sani ba ya zo a matsayin mai saye, ina daga ciki ina saurare. Yau ya nemi Brufen "don wani ciwon ƙafa" ba tare da ya ce na kare ba ne. Wani makon ya kawo takarda mai SID da rubutu a cakuɗe. Na ukun shi ne mai wuya: ya zo da babbar riga da faɗa, ya ce shekara ashirin yana kiwon dawaki, a ba shi Taktic kawai. Abin da nake jira in ji shi ne, "Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin doki, amma wannan yana ɗaure musu hanji. Bari in kira maka likita ya faɗi wanda ya dace." Wanda ya faɗi a ɗaya daga cikin ukun yakan koma baƙin allo na mako guda.

Akwai kuma littafin kuskure a ƙarƙashin kanta. Duk abin da aka yi ba daidai ba, ko aka kusa yi aka kama, ana rubutawa, kuma ba na cire wa kowa ko sisi a albashi saboda abin da ya rubuta da hannunsa. Ranar Asabar ta ƙarshen wata, bayan la'asar idan ciniki ya lafa, mukan karanta shi tare. Shafin farko labarin kyanwar Hajiya ne, da rubutuna, kuma kowane sabon yaro shi nake fara miƙa masa ya karanta da ƙarfi kafin in nuna masa inda makullin kanta yake.